Allurar da Ta Sa Baba Zagi

Ina shekara tara aka kwantar da Baba a wani asibiti a Samaru, za a yi masa aikin kaba. Da la'asar dattawan cocinmu na Sabon Gari suka zo addu'a. Suna tsaye nas ta yi masa allurar da aka ce za ta kwantar masa da hankali.

Ina! Baba da ko akuya bai taɓa zagi ba, ya fizge robar ƙarin ruwa, ya shiga ɗura wa kowa ashar. Mama ta riƙe shi tana kuka: "Baban Ladi, ni ce fa!"

Wani dattijo ya rufe Littafi Mai Tsarki, ya ce, "To, yau abin da ke cikinsa ya fito."

Nas ɗin tana jinsa, ta ci gaba da gyara zanen gado. Sai da na girma na san allurar kan yi wa wasu haka. Ita ta sani. Har yau in na tuna shirunta, zuciyata tafasa take yi.

Baba ya farka bai tuna komai ba. Har ya rasu yana tambayar Mama me ya sa aka daina ba shi karatun Littafi Mai Tsarki a coci ran Lahadi.