Kujerun Baba

Kwana uku ke nan Auta tana jin magana ɗaya, har kunnenta ya gaji. Duk wanda ya shigo ta'aziyyar mahaifinta, kafintan unguwa, sai ya ce, "Allah sarki, mai haƙuri! Ga kyauta. Har yau kujerar da ya ba ni tana nan."

Da yamma ta daka wa goggonta tsawa a kan kofi ɗaya da ya fashe. Kunya ta kama ta, ta shige shagon mahaifin nata ta zube kan tarin katako. Inna ta biyo ta tana jan ƙafa.

"Inna, ni ban gaji komai nasa ba," in ji Auta. "Shi ruwan sanyi, ni kuwa fetur."

Inna ta yi murmushin gajiya. "Ruwan sanyi? Shekara arba'in muna tare, ban taɓa ganin mai zafin zuciya irin ubanki ba."

"Baba?"

"Shi fa. In an ɓata masa rai ba ya tankawa. Nan yake shigowa ya yi ta dukan ƙusa har zuciyar ta sauka. In kujera ta haɗu, sai ya kai wa wanda ya ɓata masa ran."

Auta ta tuna mai askin unguwa yana da kujeru biyu, maƙwabcinsu uku. Har dariya ta taso mata.

Sai ta tuna falonta. Ta fara ƙirgawa da yatsu. Yatsun suka ƙare, kujerun ba su ƙare ba.