Filogi Mai Ƙafa Biyu

Wata uku ke nan keken ɗaukar kaya na Injiniya yana cizon mutane. Keke ne mai batir, da shi yake kai wa masu shaguna katan-katan na ruwa da lemo. Injiniya ba wata makaranta ya yi ba. 'Yan layinsu ne suka laƙaba masa sunan, don komai ya lalace a gidansa, daga rediyo har takalmi, salatif ne maganinsa.

Duk lokacin da ya jona keken a caji a tsakar gida, wanda ya taɓa ƙarfen jikinsa sai ya ji zirr har gwiwar hannu. Shi da ke yawo da takalmin roba, ɗan motsi kawai yake ji. Matarsa kuwa, da ke wuni a tsakar gidan ba takalmi, hannu kullum a jiƙe, ita ke shan ta.

"Baban Auta, abin nan fa ya sake ja na," ta ce. "Don Allah ka kai a duba."

"Gaishe ki yake yi," ya ce yana dariya. "Wutar batir ce, ko kaza ba za ta kashe ba."

Ya ɗauko tsohon tiyub ya naɗe hannun keken, ya bi da salatif, ya ja baya yana kallon aikinsa cike da alfahari. Ko sau ɗaya bai tambayi kansa daga ina wutar take fitowa ba.

Wata safiya ta gama wanki, igiya ta cika, sai ta je shanya zanen gado a kan ƙarfen keken. Ƙafafunta suna cikin ruwan wankin da ta zubar. Ihu ɗaya ta yi. Injiniya ya fito a guje ya tarar hannunta ya liƙe da ƙarfe, jikinta na karkarwa. Allah ya sa ya yi hankalin fizge filogin daga soket kafin ya taɓa ta.

Ta rayu. Amma tafin hannunta na dama ya ƙone, yatsu biyu sun ƙi lanƙwasuwa.

Tana asibiti ya kira mai gyaran lantarki, wani dattijo da bai cika magana ba. Mutumin ya kafa ƙarfe a ƙasa, ya ɗauko mitar gwada wuta ya ɗora tsinkenta ɗaya a kai, ɗayan a jikin keken. Babu komai. Ya jona caja, nan take mita ta tashi.

"Ka gani? Ba batir ba ne, wutar gida ce ke bi ta jikinsa."

Ya kashe wuta ya buɗe cajar. Wata waya ta ɓare tana gogar murfin ƙarfe. Sannan ya juya filogin a hannunsa.

"Ina ƙafa ta uku?"

"Ni na cire da filaya, Baba. Soket ɗina rami biyu gare shi, ya ƙi shiga."

Dattijon ya ce, "Ɗana, ita ce hanyar da wutar da ta ɓalle take bi ta shige ƙasa. Da ka toshe mata hanya, sai ta jira wanda za ta bi ta jikinsa."

Cikin awa guda ya canza waya, ya sa sabon filogi, ya ja wayar ƙasa zuwa soket. Aikin da aka yi wata uku ana ɗagawa ke nan.

Kitso ne sana'ar matarsa. Bayan an sallame ta, maƙwabciya ta shigo da 'yarta a gyara mata kai. Matar Injiniya ta raba gashin, ta kama, ya sulale. Ta sake kamawa, ya sake sulalewa. Ta ajiye tsinken kitson ta ce, "Yi haƙuri, kai ta wani wurin." Injiniya yana bakin ƙofa, kunya da baƙin ciki suka hana shi ɗaga kai.

Jama'a, ƙarfen da ya ja ku ko sau ɗaya gargaɗi yake yi muku. Ku cire shi daga wuta, ku kira wanda ya san aikin ya nemo tushen matsalar, kuma kada ku taɓa cire ƙafa ta uku daga filogi.