Baffa da Allon Gwajin Ido

"To Baffa, rufe ido ɗaya ka karanta mini allon," in ji ma'aikaciyar jinya.

Baffa ya gyara zama, ya dafe idon hagu da tafin hannu, ya zubo haruffa tun daga babban na sama har ƙananan na ƙasa. Ko tuntuɓe bai yi ba.

Maganin ciwon gwiwa ya shigo karɓa a ƙaramin asibitin unguwa, sai ya tarar duk wanda ya haura hamsin ana duba masa ido kafin ya ga likita. Shi kuwa ba ya son a ce ya tsufa. Yana zaune a benci bakin ƙofa mutum bakwai suka karanta allon da ƙarfi, shi kuma ya kasa kunne har ya haddace.

"Kin gani ko, 'yata? Idon nan ko zare a allura zai saka."

Ta ajiye biro a hankali. "Baffa, firjin allurai kake kallo. Allon yana can hagunka."

Ta haska masa fitila, ta ga farar yana ta lulluɓe masa idanun biyu. Ta ce yau ɗin nan sai ya ga likitan ido.

Baffa ya miƙe yana lalubar aljihu, ya zaro makulli.

"To rubuta takardar da sauri, 'yata. Fasinja goma sha takwas na bari a mota, kuma tafiyar da nisa."