Mai Goyon Nafi'u

Tun da kamfanin ya kafa dokar goyo, duk wanda ya zo ofis sai ya rataya gilashi a ƙirji, inda fuskar abokin aikinsa mai aiki daga gida ke fitowa. Hambali ke goyon Nafi'u. Shi ke shan cunkoson Kano kullum, Nafi'u kuwa yana kishingiɗe a falonsa a Dutse, fuska fes.

Ranar zaɓen shugaban rukuni, kujerar da Hambali ya daɗe yana hari, manaja Hajiya Turai ta tare shi tana kallon ƙirjinsa.

"Malam Nafi'u, ya yara?"

"Lafiya lau, Hajiya. Hambali, ɗan miƙe mana, takalminta kawai nake gani."

A taro Hambali ya kawo shawararsa, ba wanda ya ɗago. Nafi'u ya maimaita ta da tattausar murya, aka yi ta gyaɗa wa ƙirjin Hambali kai. Nafi'u aka ba kujerar.

Da aka watse, Hambali ya rufe gilashin da tafinsa, ya bi Hajiya.

"Ranki ya daɗe, ni ma a mayar da ni gida, wani ya goya ni, ko a san kamannina."

Ta yi ta laluben sunansa, ta haƙura.

"Malam, sabon shugabanka ya riga ya roƙa a bar masa kai. Ya ce duk ofishin nan ba mai tafiya a natse kamarka."

Daga ƙarƙashin tafinsa Nafi'u ya ce, "Cire hannun, ba na gani."