Tsanin Hambali Maharbi

Karo na biyu ke nan da aka dire wa Ƙasimu Maƙeri aikinsa a gabansa, kuma ranar kasuwar Birnin Kudu, a idon jama'a.

Wanda ya dire shi Hambali ne, maharbi daga wani ƙauye a bayan Basirka, mutumin da aka ce shekara ashirin bai taɓa harbi ya kuskure ba. Tsani ya sa a ƙera masa, na sarƙa mai ƙugiya, wanda za a naɗe a jefa a burgami, in an isa daji a maƙala a reshe a hau a yi dakon nama. Turakun icen da ake kafawa a jikin kuka sun fita daga ransa, tunda ɗaya ya karye bara.

A karon farko ƙwari ne bai yi masa ba. Ya ce yana son wanda zai ɗauki nauyin buhun gero ɗaya da rabi. Ƙasimu ya dubi mutumin, siriri kamar sillen kara. Shekarar da motoci suka koma hannun dama ce, saboda yawan haɗari ƙarfe ba ya wuya a bakin titi, sai ya samo sifirin wata gingimari ya sake matakan.

Yanzu kuma wai tazara ce.

"Kamu guda tsakanin taku da taku ya yi yawa," in ji Hambali. "Ka mayar da shi taƙi ɗaya."

"Haba Malam Hambali, da waɗannan ƙafafun naka?"

"Ni dai na faɗa maka."

Abin ya yi wa Ƙasimu ciwo ƙwarai. Tuni maƙeran da ke kusa suka sa masa suna Sai-an-gyara, har wasu manoma biyu suka ɗauke aikin garmarsu suka kai gaba. In tsanin nan ya dawo karo na uku, to sunan da ya gada wurin ubansa ya tafi ke nan.

Ya yi kwana huɗu yana ƙara matakai. Ya goge kowane kaifi, ya naɗe sarƙar da fata don kada ta yi ƙara ta kori nama, ya rataya a tsamiyar ƙofar gidansa ya hau ya yi ta lilo don gwaji, maƙwabta na leƙe. Hambali ya zo ya karɓa, bai ko ɗora ƙafa ya gwada ba.

Wannan ne ya hana Ƙasimu sukuni. Ya ce yau sai ya ga irin hawan da ake yi wa tsaninsa.

Washegari ya hau kekensa har ƙauyen. Aka ce masa maharbi ya fita dakon aladen dajin da ya addabi gonakin rogo, iyalinsa ma ta bi shi da ƙwarya kamar kullum, neman ganyen miya. Ƙasimu ya ajiye keke ya bi sawu.

Da la'asar sakaliya ya hango tsaninsa yana reto a jikin wata ƙatuwar kuka, bakin tafki. Ya laɓe. Aladen ya fito, ya sunkuya zai sha ruwa, sai bindiga ta tashi daga cikin ganye. Harbi ɗaya, dabba ta kife.

Daɗi ya kama Ƙasimu, ya miƙe zai yi kirari. Nan ƙafarsa ta ci karo da wani abu a bayan suri. Hambali ne a tsugune, ido a rufe, yatsu a kunne, yana ta karanto addu'a.

Daga saman kukar muryar Batulu matar Hambali ta sauko: "Malam, buɗe idonka ka je ka tsaya a kansa kafin mutane su zo, kuma ka gaya wa maƙerin nan yanzu tsanin ya yi daidai da mai ɗaura zane."