Alkamar da Ba a Surfa Ba

Akwai masu bakin da ba su taɓa jinyar kowa ba, amma sun fi kowa sanin abin da ya dace a ba majinyaci. Su ne za ka ji suna cewa kwanon da babu tsoka wulaƙanci ne ga dattijo, hatsin da bai ga turmi ba kuwa abincin doki ne. Da wannan bakin nasu suka kusa kai wani tsoho kabari.

Wani manomin fadama ne ya tashi daga doguwar jinya a tsakiyar bazara, likita ya hana shi nama da mai da gishiri. 'Yarsa bazawara ce ke kula da shi. Kullum sai ta surfa, ta niƙa, ta tankaɗe, ta tuƙa tuwo mai laushi, ta kai da miyar da ba ta da ɗanɗanon komai. Tsoho ya dubi kwano ya juya fuska bango. Kwana shida ruwa kawai ke wuce maƙogwaronsa, har zoben hannunsa ya fara zamewa. Gwaggwanni na shigowa dubiya, wannan ta ce a saci ido a ba shi romon kaza, waccan ta ce ai yarinyar ce ba ta iya girki ba. Ita kuwa ta rasa yadda za ta yi, don ta san romon nan na iya mayar da shi gadon asibiti, rashin ci kuma ya fi romon saurin kisa. A rana ta bakwai hannunta ya gaza ɗaga taɓarya don gajiya. Ta ɗebo alkamar da ta jiƙa, ta dafa ta ɗungurungum da dusarta har ƙwayoyin suka fashe baki, ta tsane, ta rufe a gindin randa ta huce sarai, don ta san mangwaro ba ya shiri da zafi. Ta tsinko mangwaro biyu da gwanda a bayan ɗaki, ta yayyanka a kai, ta matse lemon tsami, ta murza ganyen na'a-na'a. Wa kanta ta yi, ba wa uba ba, don kunya ba za ta bar ta ta miƙa wa mahaifi hatsin da ba a surfa ba. Ta raɓe bayan ƙofa tana ci a ɓoye kamar ɓarauniya.

Ƙamshin lemon ne ya tona ta. Daga kan tabarma tsoho ya ce, "Uwata, me kike ci da kike ɓoye mini?" Ta ce ba abin kirki ba ne, Baba, abincin malalata ne. Ya miƙo hannu. Loma ɗaya, biyu, sanyin ya ratsa shi, ya gyara zama yana tauna a hankali, yana cewa alkamar gonarsa ce wannan, ya gane ta. Sai da ya suɗe ƙwaryar, ita kuwa tana tsaye hawaye na zuba, ga cikinta babu komai, ga zuciyarta fal da murna.

Kwana shida yana yunwa, alkama na rumbunsa, mangwaro na faɗowa a kan rufin ɗakinsa. Hausawa suka ce rashin sani ya sa kaza ta kwana a kan dami. Wanda ya ce ba haka ba ne, ya fito ya faɗa mana majinyaci nawa ya tayar da surutunsa.