Kejin Mai Unguwa

Kai da kake gaggawar kwashe tsohuwarka daga ɗakinta na ƙasa zuwa sabon benenka don idonta ya yi rauni, zauna tukuna ka ji abin da ya sami wani kafinta a Jos.

Matarsa ta yi kiwon ɓeran Masar a wani lungu bayan madafa. Wurin ba wani abin a zo a gani ba ne: tsohuwar tukunyar ƙasa mai fasasshen baki a kife, ita ce ɗakinsu, sai murfin kwano na ruwan sha, da bulo biyu da aka tare hanya da su. Lokacin tana raye, da ta dawo kasuwa ta girgiza ledar ganyen karas, sai gida ya kaure da fito, kai ka ce 'yan makaranta aka tasa. Da Allah ya karɓi abarsa, ɓerayen suka yi ta raguwa, wasu kyauta wasu mutuwa, har ya rage saura wani tsoho mai farin goshi. Mai Unguwa take kiransa, don kullum safiya sai ya zagaye lungun nan kusurwa-kusurwa kamar mai duba talakawansa. Shi kafinta da can ko kallon kiwon ba ya yi, har faɗa yake mata kan ɓarnar kabeji. Amma yanzu in ya girgiza leda Mai Unguwa ya amsa, sai ya ji kamar tana madafa, yanzu za ta leƙo ta ce ganyen ya yi yawa. Fiton nan kaɗai ya rage masa na zamaninta.

Wata safiya kafinta ya ɗaga Mai Unguwa cikin hasken rana, sai ya ga wani fari-fari ya rufe masa ƙwayar idanu biyu. Tausayi ya kama shi, kunya ta biyo baya. Shekara arba'in yana yi wa mutane gado da kabad, ga amanar matarsa tana kwana a fasasshiyar tukunya! Ya zaɓo katako mai kyau, ya yi kwana uku yana aiki. Keji ya fito hawa biyu, da 'yar matakala, da ƙofar raga, ya sha koren fenti har yana ƙyalli. Tukunya da murfin kwano kuwa ya watsa su bola, ya wanke lungun tas da sabulu. To, Mai Unguwa na shiga sabon gida ya buga hanci nan, ya buga can, ya faɗo daga matakala, ya lafe a kusurwa. Ga ruwa bai fi taƙi ɗaya da bakinsa ba, bai same shi ba. Kwana biyu ko ganye bai taɓa ba, ciki ya kumbura, haɓa ta jiƙe da miyau.

Kafinta ya kai shi wurin likitan dabbobi, likita ya haska idanun ya ce, "Baba, ai wannan yanar ta fi shekara. Ya daɗe ba ya gani." Kafinta ya yi musu, ya ce to da wane ido yake zagayen safiya? Likita ya ce da hanci da gashin baki, da sanin inda kowane abu yake. Lungun nan shi ne idonsa. Ya ƙara da cewa irinsu in suka daina ci, hanji ba ya jira, nan da nan sukan mutu. Kafinta ya nufi bola har yana tuntuɓe, ya tarar tukunya ta zama tsingaro. Ya mai da bulo yadda ya tuna, ya ajiye Mai Unguwa a lungun da sabulu ya cinye ƙanshinsa, ya girgiza leda. Dabbar ta ɗaga kai, ta yi wani siririn fito sau ɗaya, ta ja jiki wajen da tukunya take a da. Kafin la'asar ta mutu. Kejin yana nan har yau ba kowa a ciki, baƙi na yabon aikin.

Tsohuwarka ta san taku nawa ne daga gadonta zuwa randa, ta san tudun bakin ƙofa ba sai ta gan shi ba. Ka kai ta a duba idon, wannan dole ne, amma ka tambaye ta kafin ka taɓa ɗakin. Kada a je garin neman gira a rasa ido.